Ruwan Wani Wata Da Ruwan Rijiyarmu

Kwanaki wata ɗalibata a ajin matan aure ta yi min tambaya: “Malama, wai masu kashe kuɗi suna neman ruwa a sama, alhali mu nan tuƙa-tuƙarmu ta lalace, ba almubazzaranci suke yi ba?”

Ga abin da ta ji a rediyo. Ranar 14 ga Oktoba, 2024, hukumar NASA ta Amurka ta harba kumbon Europa Clipper zuwa duniyar Jufita, wadda Larabawa ke kira Mushtari. Sai shekarar 2030 ake sa ran isarsa. Zai binciki wani wata nata mai suna Yurofa, wanda ƙanƙara ta lulluɓe, kuma masana na kyautata zaton akwai teku a ƙarƙashinta da ya ninka ruwan tekunanmu. Tambayarsu ita ce: shin rai zai iya zama a can? Aikin ya ci kusan dala biliyan 5.

Gaskiya da farko na goyi bayanta. Duk matar da ta san layin jarkoki a ƙauyukan Ɗambatta ko Kunci lokacin bazara, dole abin ya sosa mata rai. Ilimin da ya manta da mai ƙishirwa akwai gyara a cikinsa.

Amma ’yar uwa, mu yi adalci. Suratul Anbiya ta sanar da mu cewa ruwa ne asalin kowane mai rai, kuma an umarce mu da yin tunani a kan halitta. Sannan ko an fasa tafiyar nan, kuɗin ba rijiyarmu za su zo ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, an tsara in kumbon ya gama aiki a kai shi ya faɗa kan wani watan daban, don kada ƙwayoyin cutar duniyarmu su gurɓata ruwan Yurofa. Ruwan da ba mai shan sa ke nan fa! Mu kuwa muna wanki a bakin rijiya, mu ajiye guga a ƙasa, mu bar randa a buɗe.

Don haka kafin mu tuhumi na nesa, mu fara da gida. Mu rufe randa, mu yi karo-karo a gyara tuƙa-tuƙa, kuma mu bar ’ya’yanmu mata su yi karatu, ko a samu injiniyar ruwa a cikinsu. Ruwa amana ne, za a tambaye mu.

Allah Ya sa mu dace, amin.