Jerin Littattafai Amana Ne

Kwanan baya ƙanwarmu da ke jami'a ta dawo gida Unguwar Mu'azu da takarda guda: jerin littattafan darasin harshe da al'ada. Muka zauna a ƙofar gida bayan la'asar muna dubawa. Akwai ƙamus ɗin Bargery na 1934, da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da Baba of Karo wanda Mary Smith ta fitar a 1954, da Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya. Duk manya ne, babu na yarwa. Sai ta ce, "Yaya, to mu ina muke a nan?"

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san nauyin wannan tambaya. Idan muka ba na'ura rubuce-rubuce don ta koyi harshe, abin da muka zuba mata shi ne duk duniyarta. Abin da muka bari a waje, a wurinta babu shi. Ɗalibin shekarar farko ma kusan haka yake: ya ɗauka abin da ke cikin jerin shi ne Hausa, sauran kuwa hira ce ta bakin titi.

To wa aka bari a waje? Marubuta mata irin su Balaraba Ramat Yakubu, waɗanda suka rubuta zaman aure daga cikin ɗaki. Waƙoƙin Mamman Shata, da suka rayu a kunne kafin takarda. Sakkwatanci, da ake yi wa kallon karkataccen harshe saboda an gina daidaitacciyar Hausa bisa karin Kano. Da kuma Hausar Kaduna, wadda maƙwabtanmu Gbagyi da Bajju suke ciniki da zumunci da ita.

Mu yi wa malami adalci. Zangon karatu gajere ne, littafi ya yi tsada, ɗalibai da yawa kwafin hoto suke iya saye. Dole ya zaɓa, kuma kowane zaɓi yana barin wani a baya. Laifin yana cikin yin shiru.

Haƙƙin ɗalibi ne malami ya faɗa masa tun ranar farko: ga abin da na ɗauka, ga abin da na ajiye, ga dalilina. Wanda ya san an rage masa wani abu zai je ya nema. Ƙanwarmu dai ta juya takardar, ta fara rubuta nata jerin a baya.