Ɗana, Ka Jingine Keken, Amma Kada Ka Bari Ya Yi Tsatsa

Ɗana, tun da labarin masu hawa keke su tsallaka ƙasashe ya fara yawo a wayoyinku, na san akwai irinka da yawa a Kura da Bunkure da Garun Malam da abin ya shiga ransu. Ka auna hanya a taswirar waya, ka taya tanti, ka faɗa wa abokai cewa da zarar an yanke alkama sai Makka. Aka yanke alkama, tafiya ba ta yiwu ba. Yanzu zaman majalisa ya yi maka nauyi, don kana isowa wani zai ce, "Alhaji, yaushe aka dawo?" A kan wannan kunyar nake so mu yi magana, domin ita ce take fitar da yaro daga gida a ranar da bai kamata ya fita ba.

Burinka ba abin dariya ba ne, kuma ba kai ka fara shi ba. Kakanninmu sun bi hanyar gabas a ƙafa da kan jaki: Kano zuwa Maiduguri, su ƙetare zuwa Njamena, su bi ta Abeshe da Adire, su shiga Darfur ta Junaina da Fashir, su wuce Ubayyid da Khartum har bakin Bahar Maliya a Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Amma ka san yadda suke yi? Ba su ɗauki tsayawa a matsayin faɗuwa ba. Guzuri ya ƙare, sai mutum ya sauke kaya ya nemi aiki. Da yawansu sun yi shekaru suna ƙwadago a gonakin audugar Jazira, waɗanda madatsar Sennar da aka gama a 1925 take shayarwa, noman ban-ruwa irin wanda ka tashi a cikinsa. Wasu sun tara suka ci gaba, wasu suka zauna, jikokinsu na can har yau a garuruwa irin su Mai Wurno, wanda aka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mutanen nan sun fi mu son Ka'aba, amma sun san jira.

To, dubi hanyar a yau. Aliyu Abdullahi Bala ya bar Jos a kan keke a watan Fabrairun 2021, bai isa Saudiyya ba sai Disambar 2022. Kusan shekara biyu ke nan. Wata huɗu bayan isarsa, ranar 15 ga Afrilun 2023, yaƙi ya ɓarke a Sudan, kuma Junaina da Fashir suka shiga cikin wuraren da aka fi zubar da jini. A shekarar ne Mamadu Safayu Barry, ɗan ƙasar Gini, ya ɗauki keke zai tafi jami'ar Azhar da ke Alƙahira neman ilimi. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar, aka tsare shi sau uku a hanya, ya yi tafiyar kilomita kusan 4,000. Da ya isa Chadi sai ya tsaya. Mutanen kirki suka haɗa masa kuɗin jirgin sama, ya sauka Alƙahira a watan Satumba, Azhar ta ba shi gurbin karatu. Wannan da kuke yaba jarumtarsa bai tura kekensa cikin wuta ba, kuma babu wanda ya ce ya gaza. Ko Nijar da muke shiga kamar gida, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris ɗin 2024. Wanda ya ɗaga tafiya saboda irin wannan, hankalinsa ne ya yi aiki.

Ka kuma sani, isa Jidda ba shi ne shiga Arfa ba. Ba a aikin Hajji sai da bizar Hajji da izini, bizar Umara ba ta wadatarwa. Kuma malamanku sun karantar da ku cewa amincin hanya na cikin sharuɗɗan iko. Allah bai ɗora maka abin da ba ka da hali ba.

Yanzu mu dawo bakin kwata, inda ainihin lissafinka yake. Lokacin da ya fi daɗin tuƙa keke a ƙasashen Sahel shi ne sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wannan kuwa shi ne lokacin da gonarka ta fi buƙatarka. Ruwan Tiga, madatsar da aka gama a 1974, yana gangarowa ta babbar kwata ya rarrabu har ya iso fangalinka, kuma ba ya jiran wanda ya yi tafiya. Alkamar da aka shuka a Nuwamba tana son ban-ruwa a kan kari. Tumatir idan ya fara nuna, kwana kaɗan ne tsakanin kwandon da za a yi rububinsa a Kwanar Gafan da wanda za a yanka a shanya a bakin titi. Ka tuna 2016, da tsutsar tumatir ta cinye gonaki cikin ƴan kwanaki, har waɗanda ke tsaye a kan gonarsu ba su tsira ba, balle wanda ya bar ta a hannun ƙaramin ƙane. Idan ka ce sai bayan girbi, ka faɗa bazara, zafi ya haura digiri 40, ruwan jarka ya zama kamar na wanka kafin azahar. Daga nan sai damina da dashen shinkafa da laka a hanyoyin da babu kwalta. Saboda haka tambayar farko ita ce: wa zai riƙe gonar, a kan wace yarjejeniya, kuma gaban waɗanne shaidu?

Abu ɗaya nake roƙonka da babbar murya. Kada ka sayar da gona, kada ka jinginar da ita don guzuri. Fili a cikin wannan shiri na ban-ruwa, wanda ake nomawa rani da damina, idan ya fita daga hannun gida da wuya ya dawo. Tafiyar da sai an sayar da abincin iyali za a yi ta, lokacinta bai yi ba.

Sai dai akwai ɗagawa iri biyu, kuma ta biyun nake ji maka tsoro. Akwai wanda ya ce sai baɗi yana shiri, akwai wanda ya ce sai baɗi ya koma kwance, shekara goma yana ba da labarin tafiyar da bai yi ba. Abin da ke raba su shi ne aikin da aka yi a tsakani.

Ka fara da gida. Ka ɗaura kaya a kariya daidai nauyin da za ka tafi da shi, tanti da gidan sauro da jarka da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino, ka tashi bayan asuba ka nufi Rano, ka wuce Tiga, ka kwana, ka dawo. A nan za ka gane abin da taswira ba ta faɗa: yadda sirdi ke cin cinya, yadda iskar tirela ke jan keke a titin Zariya, yawan ruwan da jikinka ke sha. Ka je wurin mai faci ka zauna, ba don a yi maka gyara ba, don ka koya. Ka cire taya da hannunka, ka hura tib ka tsoma a ruwa har ka ga inda kumfa ke fita, ka kankare, ka shafa gam, ka bari ya sha iska kafin ka liƙa. Ka koyi haɗa sarƙa da sauya wayar ƙafa idan ta tsinke. Wanda bai iya wannan ba, ƙaya ɗaya ta isa ta ajiye shi a daji. Idan ka sauka a gari, ka fara da gaishe da mai unguwa ko liman, ka faɗi sunanka da inda ka fito, ka nemi wurin kwana. A zamanin nan baƙon da ya kafa tanti a bayan gari ba da sanin kowa ba, kansa ya ja wa zargi.

Sannan takardu: fasfo, katin rigakafin shawara, da bayanin biza daga bakin ofishin jakadanci, ba daga bakin majalisa ba. Ka koyi ɗan Faransanci da Larabcin kasuwa. Duk girbi ka ware buhun tafiya daban, bayan ka cire na gida da na taki.

Na ƙarshe kuma mafi nauyi, mahaifiyarka. Idan ta ce ka dakata, ka dakata da zuciya ɗaya. Idan kana da iyali, ka bar musu abin da zai riƙe su, ka biya bashin da ke kanka, ka rubuta wanda ke bin ka da wanda kake bi.

Masu tsokana a majalisa, ka ce musu hanya ba lafiya, kana jiran ta buɗe, ka bar su a nan. Amma ranar Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci, ka fito da keken ka kai shi wurin mai faci, ka tsayar da ranar zuwa Tiga. Allah ya yi maka albarka, ya zaunar da Sudan lafiya, ya kai ka ya dawo mana da kai.