Mai Tsaron Fursuna Da Abin Da Ke Hana Shi Barci

Malaman tarihi sun ruwaito cewa a daren da aka gama yaƙin Badar, cikin shekara ta 2 bayan Hijira, Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya kasa barci. Da Sahabbai suka tambayi dalili, sai ya nuna musu cewa nishin baffansa Abbas ne yake ji, domin yana cikin kamammu wajen 70 da aka ɗaure. Wani ya tashi ya sassauta masa igiya, aka kuma yi umurni a sassauta wa sauran. Wanda Allah ya ba nasara a wannan rana, kuma mafi tsarkin zuciya a cikin talikai, nishin ɗaurarre ya hana shi runtsawa. To, ina ga ƙaramin soja ɗan shekara 20 wanda aka damƙa wa mabuɗi aka ce ya tsare mutane wata da watanni?

An saba tausaya wa fursuna, kuma haka ya kamata. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne mai tsaronsa. A ranar 11 ga Janairu 2002 Amurka ta sauke mutum 20 na farko a sansaninta na Gwantanamo, a tsibirin Kyuba, kuma a hankali waɗanda suka ratsa wurin suka kai wajen 780, galibinsu ba a taɓa gurfanar da su gaban alƙali ba. Masu gadinsu kan yi awa 12 a bakin aiki. Fursuna ba shi da suna sai lamba, shi ma soja yakan rufe sunansa da ke jikin kaki don tsoron ramuwa. An gaya masa waɗannan su ne mafi mugunta a bayan ƙasa, sa'an nan aka sa shi ya riƙa kai musu abinci, yana ganinsu suna salla, yana jin kukansu da dare. Wasu daga cikinsu, don tsabar ƙunci, sukan watsa masa ƙazanta, alhali kuwa an hana shi ramawa. Sojan da ke fagen fama yana da abokin gaba a nesa, ya harba a harbo shi, gari ya waye. Shi kuwa wannan, kullum fuska da fuska yake da mutumin da bai san laifinsa ba, ba ya kuma da ikon sakinsa.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin ciwon da firgita ke barin sa a zuciyar soja: mugun mafarki, zabura, saurin fushi, gudun jama'a, da fakewa da giya. A 1980 ne ƙungiyarsu ta Amurka ta shigar da shi cikin kundin cututtukanta. Amma akwai wani miki dabam wanda wani likita mai suna Jonathan Shay, da ya daɗe yana jinyar tsofaffin sojojin Biyetnam, ya yi bayaninsa a cikin littafinsa na 1994. Watau mikin da ke samun mutum idan shugabansa ya ci amanar abin da ya sani daidai ne, ya jefa shi cikin ɓarna. Wannan ciwo ba tsoro ne tushensa ba, kunya ce da nadama. Malaman Musulunci ba baƙi ba ne ga wannan magana, domin tun da can sun yi bayanin rai mai yawan zargin kansa, sun kuma ɗauke shi alamar cewa zuciya ba ta mutu ba.

Brandon Neely yana cikin masu gadin ranar farko a Gwantanamo. Shi da bakinsa ya ba da labarin wani dattijo da aka ce ya durƙusa, ya yi ta fizge-fizge, shi kuwa ya danna fuskarsa a ƙasa. Daga baya ya ji cewa ashe dattijon ya zaci za a harbe shi ne. Babu kotun da ta tuhumi Neely, dokar aikinsa ma ta wanke shi. Duk da haka abin bai bar shi ba, har ya nemo biyu daga cikin tsofaffin fursunoninsa, Shafiq Rasul da Ruhal Ahmed, ya roƙe su gafara a gaban jama'a a tashar BBC cikin 2010.

A nan ne tambaya mai wuya take. Idan mai tsaro shi ma yana cikin azaba, shin azabarsa ta wanke shi? Mai karatu ya dubi Abu Guraib, kusa da Bagadaza. A cikin Afrilu 2004 duniya ta ga hotunan fursunonin Iraƙi tsirara, ana wulaƙanta su, sojoji na dariya a gefe. Binciken da Manjo Janar Antonio Taguba ya yi ya nuna cewa ba a horar da masu gadin a kan wannan aiki ba, kuma sun yi kaɗan ƙwarai idan aka gwada da yawan tsararru. Ga shi ana jefo wa gidan bama-bamai daga waje. Duk wannan gaskiya ne. Amma gajiya ba ta tuɓe wa mutum tufafi, ba ta kuma ɗaukar hoto. Ƙa'idar shari'a a bayyane take, cewa babu ɗa'a ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci, kuma uzurin tilas, a wurin malamai, ba ya halatta wa mutum ya kuɓutar da ransa da ran waninsa. Wahalar mai gadi tana iya rage masa nauyin zargi, tana kuma wajabta a yi masa magani, amma haƙƙin wanda aka zalunta yana nan daram, sai in shi ne ya yafe.

Sai dai kuma adalci ba ya tsayawa a kan kurtu. Sojoji 11 aka hukunta a kan Abu Guraib. Charles Graner ya sami ɗaurin shekara 10, Lynndie England shekara 3, Birgediya Janis Karpinski aka rage mata girma zuwa kanar. Waɗanda suka zauna a ofis suka sassauta dokar tambayar fursuna, ko ɗaya bai kwana a kurkuku ba. Shugaban da ya ɗauko yaro daga gidan uwarsa, ya cusa masa ƙiyayya, ya hana shi horo da hutu, sa'an nan ya kau da kai, ya zalunci mutum biyu a lokaci guda: wanda ke cikin keji da wanda ke riƙe da mabuɗinsa. Kowane makiyayi abin tambaya ne a kan kiwonsa, kuma sojan gadi yana cikin kiwon.

Abin lura a sunnar Badar shi ne, umurnin kyautata wa kamammu ya kiyaye masu tsaron su kansu. Abu Aziz, ɗan'uwan Mus'ab ɗan Umair, ya ba da labarin cewa mutanen Madina da suka riƙe shi sukan ba shi gurasa su kuwa su ci dabino, har kunya ta kama shi. Mutumin da ya ciyar da fursunansa da abin da ya fi so ba shi da abin da zai biyo shi cikin mafarki. Haka Steve Wood, wanda ya tsare Muhammadu Wuld Salahi ɗan Muritaniya a Gwantanamo, ya zaɓi ya zauna da shi kamar mutum. An saki Salahi a 2016 bayan shekara 14 ba tare da tuhuma ba, Wood kuwa, wanda ya riga ya musulunta, ya bi shi har gida a 2018 suka yi azumi tare.

Kada dai a ɗauka hanyar gaskiya ba ta da tsada. Joseph Darby, sojan da ya miƙa hotunan Abu Guraib ga masu bincike a Janairu 2004, an yi masa alkawarin rufa masa asiri. Cikin watan Mayu sakataren tsaro Donald Rumsfeld ya ambaci sunansa a gaban majalisa, duniya na kallo. Da ya koma Amurka sai da aka sa masa masu tsaro, domin wasu mutanen garinsu sun ɗauke shi maci amana, shi da matarsa kuma ba su sake zama a garin ba.