LITTAFIN BASHIN BAFFA

 Yau zancen bashi zan yi miki, amma ta kan wani mamaci zan biyo, don haka ki fara taya ni yi masa addu'a, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta.

Baffana ne, ƙanin mahaifinmu. Ɗan shago gare shi a Takur cikin Dutse, irin mai ƙofar langa-langa ɗin nan da benci a gaba. Sukari, ganyen shayi, madarar gwangwani, sabulu, ashana, magi da kananzir a kwalba, iyakar kayan ke nan. Idan suka ja baya sai ya hau mota ta Kwanar Huguma da Wudil ya je kasuwar Singa a Kano ya saro, ya dawo da daddare jikinsa duk ƙura. Mu yara abin da muka sani kawai alawar da yake cusa mana a hannu.

Da aka yanko Jihar Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, aka ce Dutse ce babban birni, sai ma'aikata suka yi ta kwararowa, da yawansu ba iyali kusa, albashi kuma sai ƙarshen wata. Lokacin ne Baffa ya sayi littafi mai ƙwarin bango ya ajiye ƙarƙashin kanta. Wasu masu shago suna liƙa takarda wai ba bashi yau sai gobe, shi kuwa cewa yake ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, ashe ba a hana ba ke nan. Mutum ya ce "Malam a rubuta," sai ya lashi yatsa ya buɗe shafi ya rubuta da ajami.

Ranar da ya rasu Takur ta cika. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce ba a taɓa zuwa shagon nan an koma hannu rabbana ba, kuma gaskiya suka faɗa. Sai bayan sadakar bakwai da aka buɗe shagon za a ƙidaya kaya don rabon gado, aka tarar kantoci sun kusa zama wayam. Kuɗin da ke cikin littafi ya fi na kayan da ke shagon nesa ba kusa ba. Ga Goggo tana takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita, ga yara biyar, babbarsu ba ta gama firamare ba.

Wasu sunayen ya ja musu layi ya rubuta "na yafe" a gefe. Waɗannan ba magana, dukiyarsa ce, da lafiyarsa ya yafe, Allah Ya ba shi lada. Rigimar tana kan waɗanda bai ja wa layi ba.

Manyan gidanmu suka ce a ƙona littafin kawai. Wai bashi hanji ne yana cikin kowa, kada a tona asirin mutane, ai shi ma da yana raye ba zai bi su ba. Ina yarinya a lokacin, na ji maganar ta yi min daɗi, na ga kamar ita ce mutunci. Sai muka ji muryar Goggo daga bayan labule, a hankali, tana yi wa mahaifinmu magana: "Yaya, ku yi haƙuri in sa baki. Ni na san abin da alherin nan ya ci. Sau nawa na kaɗa kuka ba mai ba nama, don kuɗin cefane yana cikin littafin can. Ban taɓa hana shi ba, yanzu ma tumunina na yafe. Amma na yaran nan, wa ke da ikon yafewa?"

Ɗakin ya yi tsit. Malamin da aka kira don rabo ya ce gaskiyarta, bashi ba ya mutuwa don mai shi ya mutu, ya koma hakkin magada, kuma rabon maraya ba wanda zai yi kyauta da shi ko da uwarsa ce.

Wallahi 'yar uwa na daɗe ina juya wannan magana. Ban ga laifin Baffa ba, har gobe ina alfahari da shi. Amma duk cikin masu yabonsa a zaman makoki ban ji wanda ya ambaci matar da ta rage cikin 'ya'yanta aka yi alherin ba. Mu mata mun san wannan, maigida ya yi suna a waje, tukunya ce ke biya a cikin gida. Kuma kunyar nan da ake cewa a ji, ta wa aka ji? Ta mai albashi da mota aka ji, ba ta marayu ba, alhali malamai kullum suna karantar da mu cewa mai hali ya ja biyan bashi zalunci ne. Mu ma kada mu zame kanmu, ke da kike aiken yaro shago ki ce a rubuta kafin babansu ya dawo, kin san adadin da ke kanki kuwa?

Ba a ƙona littafin ba. Aka yi sanarwa a masallaci ba tare da kiran sunan kowa ba, cewa wanda ya san ana binsa ya kawo. Wasu suka kawo, wasu suka nemi a ɗaga musu ƙafa aka ɗaga. Wani babba kuwa da sunansa ya cika shafi biyu, har aka yi masa canjin wurin aiki bai waiwayo ba, ko da yake yakan rage gudun mota ya ɗaga wa yaran hannu.

Wadda ba na mantawa wata tsohuwa ce mai tuyar ƙosai a bakin titi. Ta shigo da yamma ta kwance bakin zaninta ta zube silalla gaban Goggo, kuɗin man gyaɗa kwalba uku. Aka duba, aka ce mata Iya ai naki ya ja layi, ya yafe tun da ransa. Ta yi shiru tana share ido, can ta tura kuɗin gaba ta ce, "To a sayo wa auta takalmi, na gan shi jiya ƙafa ba komai."

Littafin yana nan cikin adakar Goggo har yau, an naɗe shi a tsohon ɗankwali. Shagon kuwa wani yaro ne ke haya, yana cajin waya.