Ido Ya Ƙara Kaifi, Ina Amana?

Malam Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Ni kuwa tambayata ita ce: duk abin da ido ya iya kaiwa gare shi, ya halatta kowa ya gani?

A shekarar 1873 wani Bajamushe, Ernst Abbe, ya nuna cewa madubin likita yana da iyaka. Ba ya iya rarrabe abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kimanin nanomita 200, watau rabin tsawon zangon haske. Nanomita kuwa ɗaya ce bisa biliyan ta mita. To, sai masana suka gano wata dabara. Idan haske ya faɗa kan ƙanƙanuwar ƙwayar zinariya ko azurfa, lantarkin cikinta yakan yi kai da komo tare da shi, har hasken ya taru a ɗan wurin da gilashi ba zai iya tara shi ba. Wannan kaɗawa ita ake kira filasmon. Da tsinin azurfa, a 2013, masu bincike a birnin Hefei na ƙasar Sin suka ga fasalin ƙwayar sinadari guda ɗaya tak.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin nesa ne. Ɗan jan layin nan da ke fitowa a abin gwajin zazzaɓin cizon sauro ko na juna biyu, irin wanda ake sayarwa a kemis-kemis na Dukawuya, galibi ƙwayoyin zinariya ne suka taru. Suna shanye koren haske, shi ya sa muke ganin ja.

A nan maganata take. Da, ciwo yakan ɓuya a jini shekara da shekaru. Yanzu ɗigo ɗaya ya isa ya tona shi cikin 'yan mintoci. A 2024 Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Wani zai ce tonon silili ne. Ni ban yarda ba, domin yarinyar da za a ɗaura wa aure tana da hakkin sanin abin da zai taɓa jininta da na 'ya'yanta. Ɓoye mata zalunci ne.

Amma fa hakkin nan yana da iyaka. Wanda cutarwar za ta shafa shi ne ya cancanci sani, ban da 'yan zaman majalisa da masu kai gulma gidan biki. Ma'aikacin da ya karanta layin, ya fita ya baza, ya ci amana, ko da gaskiya ya faɗa. Sau da yawa tsoron bakin mutane ke hana mara lafiya zuwa gwaji, har ciwon ya ci ƙarfinsa.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu karatun likita da kimiyya, na'ura za ta ba ku kaifin ido, amma ba za ta koya muku kame baki ba. Wannan sai ku nemo shi da kanku tun kuna makaranta.