Mai Laifi ne ko Majinyaci? Mas'alar Ɗan Ƙwaya a Gwantu

Duk wanda ya lura da halin samari a Gwantu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sanga, garin da ke bisa hanyar Akwanga zuwa Jos inda direba da ɗan ƙwadago da ɗan acaɓa ke cuɗanya dare da rana, zai ga cewa tiramol bai shigo da sunan giya ba, ya shigo ne da sunan maganin gajiya, wanda ma'aikacin gona yake haɗiya da asuba domin ya yi aikin mutum biyu, har ranar da zai wayi gari ba ya iya ɗaga fartanya sai da shi.

Ta fuskar hukunci babu shubuha. Malamanmu sun lissafta kiyaye hankali cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, kuma Imamu Ƙarafi, a cikin littafinsa Alfuruƙ, ya rarrabe tsakanin abin da ke sa maye, da mai ɓata hankali, da mai gusar da ji baki ɗaya. Saboda haka zancen masu cewa ƙwaya ba giya ba ce bai kuɓutar da kowa ba. Amma fa hukuncin fi'ili daban, hukuncin mutumin da jikinsa ya riga ya kamu daban, domin shiga da ikhtiyari aka yi ta, fita kuwa ba a hannun niyya kaɗai take ba.

A nan ne muka fi kuskure. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, kuma binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa wa ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, ɗaya cikin huɗu kuwa mace ce. Duk da haka iyaye da yawa ba su san wata dabara ba face bulala da mari, har 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa cikin Satumban 2019, wasu da sarƙa a ƙafa. Alhali ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana a la'anci wani sahabi da aka sha yi wa haddi a kan giya, ita ma giyar da tadriji aka haramta ta.

Wanda ya cancanci tsanani shi ne mai kemis ɗin da ke sayarwa ba da takardar likita ba, yana sane. Limamai da fastocin Sanga, ku ambaci wannan a mumbari. Iyaye kuma, wanda ɗansa ya kamu, ya daina ɓoye shi don kunya, ya kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.