Kuskuren da ya tona asirin ɓera

Duk malamin da ya daɗe yana duba takardun jarrabawa ya san cewa amsa daidai ba ta fallasa satar amsa. Kuskure ne ke fallasa ta. Wata shekara ina duba takardun lissafi na aji huɗu, sai na ga yara bakwai sun ce bakwai sau takwas 54 ne. Na baje takardunsu a kan tabarma, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na biyu ya ɗauki kuskuren na farko ya ƙara nasa, na uku ya kwashe duka biyun, haka har na bakwai. Ban tambayi kowa ba, amma na san wanda ya zauna kusa da wane. Sauran yaran da suka faɗi kuwa, kowa da irin kuskurensa, alamar kowa daga kansa ya ciro.

Wannan tabarmar ce ke faɗo mini a rai duk lokacin da na ji sunan Farfesa Christian Happi, ɗan asalin Kamaru da ke jagorantar cibiyar ACEGID a Jami'ar Redeemer's da ke Ede, jihar Osun. Aikinsa shi ne karanta rubutun halittar ƙwayoyin cuta. Ƙwayar zazzaɓin Lassa tana ɗauke da rubutu mai haruffa kusan 10,000, kuma duk sa'ad da ta hayayyafa sai ta kwafe shi. Kwafin nan ba ya rasa tuntuɓe, kuma tuntuɓen yana bin zuriya kamar gado.

A farkon 2018 zazzaɓin Lassa ya ɓarke a Najeriya fiye da yadda aka saba gani, musamman a Edo da Ondo da Ebonyi. Kafin shekarar ta ƙare an tabbatar da sama da mutum 600 sun kamu. Hankali ya tashi, domin ba a daɗe da fita daga tashin hankalin Ebola ba. Tambayar da ke bakin likitoci ita ce: shin ƙwayar ta rikiɗe ne ta koma saurin bi daga mutum zuwa mutum?

Happi da abokan aikinsa, ciki har da ma'aikatan asibitin koyarwa na Irrua da Pardis Sabeti ta Jami'ar Harvard a Amurka, suka ɗauki jinin majinyata suka jera rubutun ƙwayoyin kamar yadda na jera takardun nan. Da a ce wannan ne ke shafa wa wancan, da an ga kuskure iri ɗaya yana tafiya daga majinyaci zuwa majinyaci. Abin da suka tarar daban ne. Galibin majinyatan kowa da tasa ƙwayar, wato kowa daga ɓeran gidansu ko na gonarsu ya ɗauko. Har ma suka lura cewa dangin ƙwayar sun rabu bisa kogunan Kwara da Binuwai, domin ruwa yana tare wa ɓera hanya. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki, a ce a ɗigon jinin mutum ana iya ganin shatin kogi.

A ganina darajar binciken tana nan ne: ya zo ana tsakiyar annoba, lokacin da hukuma ke neman sanin inda za ta sa ƙarfinta. Bai ce mutum ba ya shafa wa mutum ba, don ma'aikatan jinya da dama sun rasa rayukansu ta wannan hanya, Allah ya jiƙansu. Amma ya nuna cewa ƙofar da cutar ta fi shigowa tana cikin gida: rumbun da ya tsage, kwanon tuwon da aka kwana ba a rufe ba, hatsi da rogon da ake shanyawa a gefen titi, inda ɓera ke fitsari da kashi cikin dare.

Mu ma a Arewa abin ya shafe mu kai tsaye. Sunan cutar ma daga garin Lassa na jihar Borno aka samo shi a 1969, kuma duk rani sai an ji labarinta a Bauchi da Taraba. Tun da na karanta labarin binciken nan na sayo robobi masu murfi na juye garin gidanmu da shinkafa a ciki, na kuma sa aka liƙe ramin da ke bayan madafa da siminti.